FIM ƊIN "ZINDER": INA ƳAN PALE SUKA KOYI HALINSU?

Jama'a, akwai wani fim da ya kamata mutanen Tasawa da na Mayahi su san da shi. Sunansa "Zinder". Wata ɗiyar Damagaram ce ta yi shi, Aisha Macky, kuma ya fito a 2021. Tsawonsa awa ɗaya da minti 22. Da Hausa ake magana a cikinsa, saboda haka mai kallo daga Korgom ko Kanambakashe ba ya bukatar tafinta.

Ba irin finafinan Kano ba ne da muka saba gani, inda ake tsara labari a ba kowa abin da zai faɗa. A nan mutane ne na gaske, a unguwarsu ta gaske, suna faɗar abin da suka yi da bakinsu. Wannan ba shi ne aikin Aisha na farko ba. A 2016 ta yi wani fim a kan rashin haifuwa, inda ta nuna yadda ake ɗora wa mace laifi ita kaɗai. A wancan ta saurari mata. A wannan ta je ta saurari maza.

Fim ne mai kyau, amma yana da giɓi. Za mu duba kyawunsa, mu duba giɓinsa, sa'an nan mu ga abin da ya shafe mu a ciki.

Abin da ke cikin fim ɗin

A birnin Damagaram akwai unguwar da ake kira Kara-Kara. Tun da daɗewa aka ware ta ga kutare da waɗanda gari ba ya so. Ƴaƴansu da jikokinsu sun tashi a nan, da yawa ba lekwal, ba sana'a. Samarin sun kafa ƙungiyoyi da ake ce wa "pale". Kalmar Faransanci ce, ma'anarta fadar sarki. Kowace pale da sunanta, da shugabanta, da abokan gabarta.

Mutum uku fim ɗin ya fi bi. Na farko ƙato ne mai ɗaga ƙarfe. Shi da abokansa suna wuni suna gina jiki, burinsa ya kafa kamfanin masu gadi don su samu halaliyarsu. Na biyu tsohon shugaban pale ne da ya tuba ya koma kabu-kabu. Na uku mai fataucin ruwa-ruwa ne, yana shigo da man fetur daga Najeriya ta bayan hanya. Allah ya halicce shi mata-maza, yana neman abincinsa a cikin garin da kowa ke so a ce masa ko namiji ko mace.

Sunan palen mai ɗaga ƙarfe shi ne Hitila. Har tutarsa suke yawo da ita a kan babur. A wurinsu wai wani jarumi ne na Amurka da ba a cin shi da yaƙi. Alhali Hitila shugaban Jamus ne daga 1933 zuwa 1945. Shi ya tada yaƙin duniya na biyu, ya sa aka kashe Yahudawa wajen miliyan 6, kuma bai ɗauki baƙar fata mutum ba. A 1940 sojojinsa sun karkashe sojojin Afirka da suka kama a Faransa bayan sun ajiye makamai. Ga jikokin baƙar fata suna ɗaga tutarsa. Abin da suka ji kawai shi ne mutumin yana da ƙarfi kuma ana tsoronsa, sai suka ce ya ishe su abin koyi.

Inda fim ɗin ya yi kyau

Abu na farko shi ne haƙuri. Aisha ba ta yi wa kowa wa'azi ba, ba ta zagi kowa ba. Tambaya take yi, ta yi shiru, ta jira. Mai haƙuri yakan dafa dutse. Da wannan shirun ta sa ƙattin da gari ke tsoro suka buɗe cikinsu. Kuma ku lura, mace ce ke tambaya, maza na amsawa. A garuruwanmu sau nawa muke ganin haka?

Abu na biyu shi ne tabo. Ana kawo na'urar ɗaukar hoto kusa da jikin samarin, a nuna sara a kai, yanka a hannu, ɗinki a baya. Daga nesa ka ga ƙato mai ban tsoro. Daga kusa ka ga fata irin ta ɗanka, an yayyanka ta. Wannan dabara ta fi dogon jawabi. Tana nuna cewa mai dukan nan shi ma ya sha duka, kuma abin da suke kira mazakuta a jikinsu ya fara yin ɓarna.

Abu na uku shi ne maganar tsohon shugaban pale. Ya faɗa da bakinsa yadda suke sace ƴan mata su yi musu fyaɗe. Bai yi dariya ba, bai yi alfahari ba. Ana gani a fuskarsa abin bai bar shi ya huta ba. Yanzu yana shiga Tudun Jemus, unguwar mata masu zaman kansu, yana tsaya wa waɗanda maza suka cuta. Wannan wuri shi ne zuciyar fim ɗin. Da wuya ka ji namiji Bahaushe ya kira wannan laifi da sunansa a gaban jama'a. Mu a nan cewa muke yi "an ɓata yarinya", kamar ita ce ta lalace, shi kuwa mai laifin ko ambatonsa ba a yi.

Inda ya gaza

Giɓi na farko: waɗanda aka yi wa fyaɗen ba mu ji daga bakinsu ba. Mun ga matan Tudun Jemus da wahalarsu, amma ƴan matan da wannan mutum da abokansa suka cuta a wancan lokaci, ina suke? Sun yi aure? An kore su daga gida? Mai laifi ya samu fili ya yi nadama, mai kallo ya ji tausayinsa. Ita kuwa wadda aka cuta ba ta da fuska, ba ta da murya. Gaskiya ne ba abu ne mai sauƙi ba mace ta fito ta faɗi irin wannan a gaban duniya, kuma ba daidai ba ne a tilasta mata. Duk da haka sikelin ya karkata. Tuba abu ne mai kyau, amma haƙƙin mutum ba ya faɗuwa don mai laifi ya yi nadama.

Giɓi na biyu ya fi girma. Fim ɗin ya jingina yawancin laifin ga talauci, da rashin aiki, da wariyar da aka yi wa Kara-Kara. Wannan gaskiya ne, ba mu musa ba. An buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram a 2011, amma ga ɗan gari yana sayar da ransa a kan hanya saboda jarkar fetur. Sai dai talauci bai isa ya bayyana fyaɗe ba. Yunwa tana iya sa mutum ya saci hatsi. Wace yunwa ce ke sa samari biyar su tare yarinya guda? Talakawa nawa muka sani a Urafan da Isawan da ba su taɓa ɗaga wa mace hannu ba? Kuma masu kuɗi nawa, da masu albashi nawa, ke tare ƴar talla a zaure? Ashe akwai wani abu bayan talauci.

Giɓi na uku: fim ɗin ya same su ne sun riga sun girma. Bai nuna mana su suna da shekara bakwai ba. Wa ya fara ce musu mace abin wasa ce? A wane gida suka fara ganin an mari mace ba wanda ya ce uffan? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa busasshe aka nuna mana.

Akwai kuma abin tsoro guda. Yaro ɗan shekara 12 in ya kalli fim ɗin shi kaɗai a salula, ƙila ƙwanji da babur da tuta zai gani, tabon ya wuce shi. Don haka ba fim ba ne da za a bar wa yara su kaɗai.

Abin da fim ɗin bai nuna ba, yana cikin gidajenmu

Wani zai ce wannan zancen birni ne, mu ƙauye ina ruwanmu. To, daga Tasawa zuwa Damagaram bai kai kilomita 150 ba. Kuma in an gama girbi, ina samarinmu ke tafiya? Damagaram, Maraɗi, Kano, Agadas, wasu har Jado wurin zinariya tun da aka gano ta a 2014, wasu Libiya. Ba hannu wofi suke tafiya ba. Suna ɗauke da karatun da muka yi musu a gida. Ga kaɗan daga cikin karatun.

Darasi na ɗaya: namiji ba ya kuka. Yaro ya faɗi ya fasa gwiwa, sai a ce masa "Kai mace ne?" Da kalma guda an koya masa abu biyu. An koya masa ya haɗiye ciwonsa, an kuma koya masa cewa zama mace abin kunya ne. Wanda aka yi shekara goma ana zaginsa da sunan mace, yaya za a yi ya girmama mace?

Darasi na biyu: aikin gida na ƙanwarsa ne. Ita ke ɗebo ruwa, ita ke daka, ita ke wanke kwanon da ya ci. In ta yi masa gardama ya mare ta, sai a ce "Ai yayanki ne." In ƙanenta ne ma, sai a ce "Ai namiji ne." Tun bai san hannun damansa ba ya gane cewa akwai mutanen da aka halitta don su yi masa bauta.

Darasi na uku: abin da yake gani da dare. Uba ya daki uwa, gari ya waye, kowa ya kama harkarsa. Babban binciken da aka yi a Nijar a 2012 kan lafiya da yawan jama'a ya nuna kusan mata 6 cikin 10 sun yarda cewa akwai dalilin da zai sa miji ya daki matarsa. Wannan ba laifin matan ba ne, abin da suka tashi suka tarar ke nan. Amma yaron da ke kwance a gefen tabarma yana ji. Yau yana jin tsoro, yana jin haushin ubansa. Gobe shi ne uban.

Darasi na huɗu: fada. Samari sun kafa shayi a bakin hanya, ƴar talla ta zo da ƙosai ko gyaɗa. Wannan ya ja mata zane, wancan ya riƙe kuɗinta ya ce sai ta zo ta karɓa a ɗaki. Ana dariya. Ƙaramin yaron da ke hura gawayi yana kallo. In ya ƙi yin dariya, a ce masa ɗan daudu. In ya yi, ya shiga sahu. Tsakanin wannan fada da pale ta Kara-Kara akwai nisa, amma hanya ɗaya ce.

Yadda abin ke cin yaran maza

Babu shakka mata ne suka fi shan wuyar wannan hali, kuma kukansu ne ya kamata a fara ji. Amma wutar da ta ci ɗakin maƙwabci ba ta barin danninka. Yaran maza ma suna biya.

Yaron da aka hana kuka ba ya da inda zai kai damuwarsa. Ba ya iya gaya wa uba, yana jin kunyar uwa, abokai kuwa dariya za su yi masa. Abin da ya rage masa fushi ne, don shi kaɗai aka halatta wa namiji. Wasu su huce a kan ƙannensu, wasu a kan jaki, wasu su koma ga tiramol.

Akwai kuma maganar da ba mu so a yi. Yara maza ma ana lalata da su. Yana faruwa ga yaron da aka tura nesa da iyayensa, ga yaron shago, ga yaron mota, ga mai kwana a tasha. Yawanci wanda ya girme shi ne, wanda yake ci a hannunsa. Yarinya in abin ya same ta, wani lokaci ciki yakan tona. Yaro kuwa ba abin da zai tona, kuma an riga an gaya masa namiji ba a fin ƙarfinsa. Sai ya ga in ya faɗa, ya tashi daga namiji. Ya yi shiru shekara da shekaru. Alamun da uwa za ta lura da su: yaro mai fara'a ya koma shiru, ko ya dawo fitsarin kwance, ko ya ƙi zuwa wurin wani mutum da ya saba zuwa, ko a gan shi da kuɗin da ba a san inda ya samo ba.

Sai maganar aure. Binciken nan na 2012 ya nuna a Nijar mata 76 cikin 100 an yi musu aure kafin su cika shekara 18. A jahar Maraɗi 89 ne cikin 100. Namiji kuwa yawanci sai ya kai wajen shekara 24. Wa ke auren ƴan matan? Sau da yawa wanda ya riga ya tara, mai mata ɗaya ko biyu. Saurayin da suka tashi tare da ita ba ya da gona tasa, don gonar gado ta ƙanƙance, ba ya da kuɗin sadaki da na lefe. An ce masa namiji shi ne mai gida, ga shi ba gida.

Wannan ba sabon labari ba ne. Marigayi Umaru Ganda ya yi fim a kansa, "Wazzou Polygame", wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1972. Wani Alhaji mai mata biyu ya dawo daga Makka, ya sa kuɗi ya karɓe Satu wadda aka yi wa Garba alkawarinta. Garba ya bar gari ya tafi birni da baƙin ciki. Ganda ya nuna mana ranar da saurayi ya bar ƙauye. Aisha Macky, bayan shekara kusan 50, ta nuna mana irin unguwar da saurayi marar kowa ke faɗawa a birni. In an haɗa finafinan biyu, labarin ya fi cika. Mulkin da babba namiji ke yi a kan mata, shi ne kuma yake yi a kan samari.

Wace irin mazakuta?

Masu cewa namiji ba ya kuka, su tambayi malamai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Yana taimaka wa iyalinsa da aikin gida. Nana A'isha ta shaida bai taɓa dukan mace ba. Wa ya fi shi mazakuta?

A al'adarmu ma, wanda ake yabo a da shi ne wanda ya fi kowa noma ranar gayya, wanda ya ciyar da baƙo, wanda ya raka ƴan mata gida lafiya bayan an tashi daga dandali. Sarkin samari yakan ci tarar saurayin da ya yi wa budurwa rashin kunya. Ba mu ce zamanin da babu zalunci ba, akwai shi da yawa. Amma akwai abin kirki da za a ɗauko.

Ƙasarmu ma ba ta zauna ba. A 2003 aka gyara kundin hukunta laifuka, aka sa matsa wa mutum don neman lalata cikin laifukan da ake ɗaure mutum a kansu. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare ƴan mata ƴan lekwal. A jahar Damagaram ɗin nan aka fara makarantun mazaje wajen 2008, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, daga baya abin ya bazu zuwa wasu jahohi har da tamu. Mata kuwa tun 1991 suka fara asusun Mata Masu Dubara a nan jahar Maraɗi. Mata suna da wurin zamansu, magidanta suna da nasu. Yaro ɗan shekara 10 zuwa 15 fa, wa ke zama da shi? Fada kaɗai.

Hukuncinmu

"Zinder" fim ne na gaskiya, an yi shi da ƙarfin zuciya da ladabi. Ya mayar da ƴan pale mutane a idon mai kallo, bai kuma wanke su ba. Gazawarsa ita ce ya nuna reshe da ƴaƴa, bai tona saiwa ba, kuma muryar waɗanda aka cuta ta yi ƙasa. Wannan giɓi mu ne za mu cike shi da bakinmu.

In an samu fim ɗin, a kalle shi a taro, uba da ɗansa wuri guda, mata su ma su samu nasu zama. Ƙananan yara kada a kawo su. Bayan an gama a tattauna tambayoyi uku. Wace kalma muke zagin yaro da ita in ya yi kuka? In ƴar talla ta kawo ƙarar wani, wa muke fara tuhuma? In ɗanka yana da abin da ke cin ransa, wa zai gaya wa?

In kuma abin ya faru, ga yarinya ko ga yaro, kada a tsaya rufa-rufa. A kai shi likita kafin kwana 3 su cika, don akwai maganin da ke kare mutum daga cutar sida in an fara shi cikin awa 72. Kada a daki yaron, kada a ce shi ya ja. A sanar da mai gari, a kai magana ga jandarma. Sasantawa da goro da ƴan jikkuna a zaure ba ta warkar da kowa, mai laifin kawai take ba damar ya koma ga ɗan wani.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da yaro ya ga ubansa na yi wa uwarsa, shi zai kai fada, shi zai kai birni, shi zai kai ɗakin matarsa. Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya shirya mana zuriya.